Jalof ɗin biki, dafa-dukan gida ko ta Senegal: wacce ta dace da shinkafar da ke buhunki?

Yawancin jalof ɗin da ke lalacewa a gidajenmu na Kebbi, ba daga hannun mai girki matsalar take ba, daga haɗa shinkafa da girkin da ba nata ba ne. Mace za ta kalli wata 'yar Legas ko 'yar Gana a waya tana ɗora tukunya, ta bi ta sawu da ƙafa, ta auna ruwa yadda aka auna, ta rufe na mintunan da aka ce. Amma abin da ta zuba sabuwar shinkafar fadamar Suru ce da ba ta yi wata guda da yanka ba, ita kuwa mai bidiyo da tsohuwar shinkafar kamfani take aiki, wadda ta bushe ƙayau a buhu. Ba makawa ta farkon ta caɓe. Saboda haka, uwargida, kafin ki zaɓi irin jalof ɗin da za ki yi, fara kwance bakin buhun da ke ɗakin ajiyarki ki ga abin da ke ciki. Bayan nan ki dubi wutar da kike da ita, sannan ki ƙirga bakunan da za su ci.

Girki huɗu ne a gabanmu: jar jalof ta biki irin ta mutanen kudu, dafa-dukanmu na manja da daddawa, ta Gana mai shinkafar ƙamshi, da ta Senegal mai kifi da karyayyar shinkafa. Ban ɗauke su daidai ba, kuma zan faɗi inda na karkata. Sai dai dole a fara da ita shinkafar.

Allah ya hore mana zaɓin da jihohi da yawa ba su da shi. Fadamun gulbi tun daga Augie zuwa Argungu, Birnin Kebbi, Bunza da Suru, da na kogin Neja wajen Bagudo da Yauri, ana noma su damina da rani. A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya, wato Anchor Borrowers, a watan Nuwamban 2015. A Disambar 2016 aka fito da shinkafar Lake Rice, haɗin gwiwar gwamnatocin Legas da Kebbi. A 2017 aka buɗe masana'antar sarrafa shinkafa ta WACOT a Argungu, ga kuma Labana a Birnin Kebbi. Da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, gidajen da ba su san komai ba sai 'yar waje suka koma ga ta gida, wasu kuma ba su sake waiwayar waccan ba. Abin da duk wannan ya jawo a madafa shi ne, yau mace a Jega ko Kalgo tana iya sayen shinkafar da aka noma a fadama ɗaya amma aka sarrafa ta hanya uku daban, kuma kowacce halinta daban a tukunya.

Ta farko ita ce ɗanya, shinkafar tuwo da waina, wadda aka ɓare ba tare da an turara ba. Ta biyu gumi irin na matan ƙauye. Ta uku ta kamfani, wadda ita ma gumi ce, inji ne dai ya yi. Mutane da yawa ba su lura cewa biyun nan na ƙarshe uwa ɗaya suke ba. Ana jiƙa shanshera, a turara ta da ɓawonta, a shanya, sannan a ɓare. Zafin tururin nan yana narkar da sitacin da ke cikin ƙwaya, idan ta bushe sai ya ƙanƙame ya yi tauri. Shi ya sa gumi ba ya saurin karyewa a inji, ba ya danƙo a tukunya, kuma wani ɓangare na bitamin B da ke jikin dusa yana shigewa cikin ƙwayar maimakon ya tafi tare da dusar. Jalof girki ne da shinkafa ke daɗewa cikin miya mai kauri da tsamin tumatir, minti talatin zuwa arba'in, ana juya ta. Ƙwayar da aka turara ce ke jure wannan.

Bambancin gumin mata da na kamfani a daidaito yake. Kamfani yana jiƙawa da ruwan zafi na 'yan awoyi, ya turara gaba ɗaya a zafi ɗaya, ya busar da inji, ya cire tsakuwa, ya tsince baƙaƙen ƙwayoyi. A ƙauye kuwa sau da yawa da ruwan sanyi ake jiƙawa ta kwana ko fiye, daga nan ne wata ke ɗauko warin nan da wasu ba sa so. A rabin ganga ake turarawa, ta ƙasa ta sha wuta fiye da ta sama, sannan a shanya a tabarma ko tamfol, inda tsakuwa ke samun hanya. Sakamakon shi ne a mudu ɗaya za ki sami ƙwayar da ke nuna da wuri da wadda ke jan lokaci. Ban faɗi haka don raina aikin matan nan ba. Akwai masu gumi da in kika saba da hannunsu ba za ki nemi ta kamfani ba, kuma a ɗanɗano shinkafarsu ta fi cika baki. Amma rashin daidaiton gaskiya ne, kuma shi ke raba girkin da ya dace da ita da wanda bai dace ba.

Sannan akwai shekaru. Sabuwar shinkafa tana da sauran danshi a jiki, ba ta shan ruwa da yawa, kuma tana saurin laushi. Wadda ta kwana biyu a ajiye ta fi shan ruwa, ta fi kumbura, ta fi fitowa wara-wara. In kin je awo ki tambayi mai sayarwa kai tsaye: "Malam, ta bana ce ko ta bara? Ta rani ce ko ta damina?" Gwaggona a Argungu ba ta ma tambaya, ƙwaya ɗaya take ciza, sai ki ji ta ce wa mai girkin ranar: "Ɗiyata, wagga sabuwa ta, rage mata ruwa."

To, jalof ɗin biki. Wannan shinkafar kamfani take so, doguwar ƙwaya, wadda ba sabuwa fil ba. Janta daga tattasai yake fitowa, ba daga yawan tumatir ba, kuma nan ne da yawa ke kuskure: su cika tumatir, abinci ya fito da tsami da launi mai kama da ruwan lemo. Ga gwangwanin madara huɗu na shinkafa, manyan tattasai biyar, tumatir huɗu, attarugu biyu ko uku, babbar albasa ɗaya a markaɗe da wata a yanka, da ƙaramin tumatirin gwangwani ɗaya, sun isa. Markaɗen ki fara tafasa shi shi kaɗai har ruwansa ya ƙone ya yi kauri. A wata tukunyar ki soya albasa a man gyaɗa, ki zuba tumatirin gwangwani ki yi ta juyawa har ya yi duhu kaɗan ya daina warin ɗanye, sannan ki juye markaɗen ki soya har mai ya taso sama. Daga nan sai ruwan nama, kori, tayim, ganyen bay, gishiri da dunƙule. Ki ɗanɗana yanzu, ya zama gishirin ya ɗan fi abin da kike so a miya, domin shinkafa za ta shanye shi.

Shinkafar a wanke ta har ruwan ya fito garau, a tsane. Wasu na fara tafasa ta rabin dahuwa. Ni ban ga amfanin haka ga ta kamfani ba, domin ƙwayar da ta riga ta ƙoshi da ruwan banza ba ta da wurin shan miya, sai jan ya tsaya a bayanta cikinta fari. Ki zuba ta ɗanya a cikin miyar, ruwan ya tsaya daidai kan shinkafar kada ya haura, ki rufe ruf, ki rage wuta sosai. Tururi ne zai ƙarasa aikin. In murfin tukunyarki ba ya kamawa, shimfiɗa takardar foyil kafin ki ɗora shi. Leda da buhun roba da ake rufawa a wuraren biki, don Allah a bar su, zafi na narkar da su a kan abincin da yara za su ci. Juyawa sau ɗaya ko biyu da muciya ta wadatar. In ta kusa, ki yanka albasa da tumatir a kai, ki ɗan sa man shanu, ki ƙara wuta na 'yan mintuna har ki ji ƙauri ya fara tashi, sannan ki sauke ki bar ta a rufe.

Ƙarfin wannan girki shi ne juriya. Yana yin rabin yini a kula bai sauya ba, ana zuba shi a robobi a raba wa jama'a bai dame ba, kuma ido na son sa tun kafin baki ya taɓa. Rauninsa kuɗi ne. Yana cin mai, yana cin tattasai, kuma ba ya tsayawa shi kaɗai sai da nama, domin daga romon naman daɗinsa ke zuwa. In babu kaza ko naman da za a tafasa, aka ce dunƙule ne zai maye gurbin romo, abin da za ki samu jar shinkafa ce mai gishiri.

Dafa-dukanmu wata hanya ce dabam, kuma ina jin zafin yadda wasu suka fara ɗaukarsa kamar jalof ɗin da bai yi nasara ba. Ba haka ba ne. Girki ne da aka gina shi a kan shinkafar gida, ya san halinta, ya kuma yi mata uzuri. Ana soya albasa a manja, ko a haɗa manja da man gyaɗa, a zuba jajjagen attarugu da tattasai da ɗan tumatir, ba markaɗe mai laushi ba. A daka daddawa da citta da tafarnuwa da masoro a zuba, a gyara banda ko busasshen kifi a cire ƙaya a saka, a tsaida ruwa. Ruwan ya fi na jalof ɗin biki yawa, kuma ba wanda zai ce komai in shinkafar ta fito da laushi da ɗan danshi. Wannan ƙarin ruwan da ƙarin lokacin su ne ke ba ƙwayar da ta makara damar cim ma 'yar'uwarta. Ɗanɗanon gumi mai ƙarfi, wanda ke yin faɗa da kori da tayim, da daddawa da manja jituwa yake yi. Ana iya haɗa wake, a fara dafa shi ya yi rabi kafin shinkafa ta shiga, ana iya watsa alayyahu ko zogale gab da saukewa, tukunya ɗaya ta ɗauki gida duka ba tare da naman kilo ba. Daddawa da kifi kuma suna rage buƙatar dunƙule, abin da ke da amfani a gidan da akwai mai hawan jini.

Aikin da ba a tsallakewa a nan shi ne regewa. Ƙwarya biyu da ruwa da haƙuri, a rege har tsakuwa ta kwanta a ƙasa. Wanda ya taɓa tauna tsakuwa a lomar farko ba ya jin daɗin sauran kwanon, komai kyan girkin. In shinkafar na da warin jiƙo, ki wanke da ruwan ɗumi da ɗan gishiri sau biyu ko uku.

Inda dafa-duka ke gazawa shi ne jira. Da zafinsa ake cinsa. In ya huce, musamman da hunturu, manja na daskarewa ya bar maiƙo a baki. Da bazara kuwa, watannin Maris zuwa Mayu da zafinmu ke kai wa maƙura, tukunyar da ke da kifi da wake da ganye ba ta kai dare lafiya in babu firji. Ba abincin da za a dafa da asuba a raba bayan la'asar ba ne.

Ta Gana ba zan daɗe a kanta ba, domin ita ce mafi nisa da abin da ke kasuwarmu. Mutanen Gana sun fi yin ta da farar shinkafa mai ƙamshi irin ta Tailan, wadda ba a turara ba. Miyar ta fi tumatir da albasa da citta da tafarnuwa, sau da yawa a cikinta ake dafa naman, a ci da shito, wato baƙin yajinsu na mai da busasshen kifi da jatan lande. Tana nuna da wuri, kamar minti ashirin, tana da taushi da ƙamshin da ke cika gida. Amma ruwa kaɗan take so, ƙarin rabin kofi na iya mayar da ita tuwo, ba ta son juyi, kuma dole ki sayi shinkafar waje da tsada alhali kina zaune a tsakiyar fadama. Haka batun basmati ta Indiya da Pakistan da wasu amare ke yayi. In har za ki saya don jalof, nemi mai launin zinariya da ake kira sella, domin ita ma turararriya ce, ta fi farar jure miya. Ga mutum biyu ko uku a kan gas, ranar da ake son sauyi, babu laifi. Ga gida mai mutum goma sha, ɓarnar kuɗi ce. Wanda ke fama da ciwon sukari kuma ya sani cewa farar shinkafa mai taushi ta fi gumi saurin ɗaga sukari, ko da yake duka biyun shinkafa ce, sai an kula da yawan da ake ci.

Yanzu ga wadda na fi so a gwada a gidajenmu, kuma ita ce aka fi jahilta a nan. In ana gardamar asali tsakanin Najeriya da Gana, Senegal ce babbar yaya. Sunan jalof kansa daga tsohuwar daular Jolof ta Wolofawa ya fito. Girkinsu, ceebu jën, shinkafa da kifi ne, ana danganta shi da birnin Saint-Louis da wata mai girki ta ƙarni na 19 da ake kira Penda Mbaye, kuma a Disambar 2021 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. A wannan jerin ne bikin kamun kifi na Argungu ya shiga tun 2016. Karyayyar shinkafar da suke amfani da ita ta samo asali ne daga zamanin mulkin Faransa, lokacin da ake kawo musu gutsattsarin shinkafa daga yankunan da Faransa ke mulka a kudu maso gabashin Asiya, har bakinsu ya saba, suka fi son ta a kan cikakkiyar ƙwaya.

Dubi kayan haɗin ki gaya mini wanne ne baƙo a Kebbi. Kifi mai tsoka. Rogo, kabeji, karas, yalo, kuɓewa, kabewa. Tsamiya. Ganyen yakuwa da suke kirɓawa a ci a gefe. Daddawar kalwa, wadda su ma suke da irinta. Busasshen kifi mai ƙarfin wari don ɗanɗano. Albasa, wadda Aliero kaɗai ta ishe mu. Abu biyu ne ba mu da su: kifin teku, da wani busasshen dodon koɗin teku da suke jefawa a romo. Giwan ruwa daga Yauri ko Argungu yana tsayawa a madadin na farko ba tare da kunya ba, domin tsokarsa fara ce mai kauri, ba ta wargajewa. Babbar karfasa ma tana yi. Tarwaɗa ta fi sauƙin samu amma tana saurin fashewa, sai a wanke yauƙinta da ruwan zafi ko lemon tsami, a yanka ta da kauri, a rage mata lokaci a wuta. Na biyun kuwa, busasshen kifi da daddawa suna rufe gurbinsa gwargwado.

Ga yadda ake yi. Ki daka faski da tafarnuwa da attarugu da masoro da gishiri. In faski ya yi wuyar samu, ɗanyen lawashi na yi. Ki huda kowane yankan kifi wuri biyu ki cusa haɗin a ciki, ki soya sama-sama ki kwashe. A man nan ki soya albasa da tumatirin gwangwani har ya yi ja mai duhu, ki tsaida ruwa mai yawa, ki sa busasshen kifi da daddawa. Kayan lambun manya-manya ake yanka su, kabeji gida huɗu, karas a tsaye, rogo guntu-guntu. Masu tauri su fara shiga, masu laushi su biyo baya, kifin ya koma ciki ya ƙarasa nuna. Duk abin da ya nuna sai ki tsame shi ki ajiye a kwano mai murfi, ki ɗebi romo kaɗan ki jiƙa tsamiya a ciki. Abin da ya rage a tukunya romo ne da ya sha kifi da kayan lambu, kuma a cikinsa shinkafar za ta dahu.

Nan ne wurin da hannun Bahaushiya ya riga ya sani. Karyayyar shinkafa ɗanya ce, in aka jefa ta a ruwa kai tsaye damewa take yi, saboda haka suna fara turara ta a kan tukunyar romon, kamar dai yadda muke ɗora madambaci in za mu yi dambun shinkafa. Minti goma sha biyar na tururi yana ɗaure ƙwayar. Sannan a juye ta a romon da aka rage ya tsaya daidai kanta, a rufe, a rage wuta. Ke nan ita kaɗai ce jalof ɗin da shinkafar tuwo ke da wurin shiga: ki ɓarza ta manya-manya, ki tankaɗe garin ki fitar, ko ki sayi karyayyar da masu inji ke warewa su sayar da rahusa. Ana zuba ta a babban faranti, kifi da kayan lambu a tsakiya, ruwan tsamiya a kai, ƙanzon kuma a kankare a kawo tare, domin a wurinsu abin so ne kamar yadda yake a wurin yaranmu.

Ba na cewa ba ta da wahala. Tana cin awa biyu ko fiye, tana son tsayuwa a kan tukunya domin tsame kowane abu a lokacinsa, tana son kifin da aka kamo ranar ko jiya, ba wanda ya kwana uku a ƙanƙara yana narkewa yana daskarewa ba. In da ƙananan yara sai babba ya zauna yana cire musu ƙaya. Ba ta kuma shiga robar rabo, domin kyanta a farantin da aka kewaye yake. Amma a kuɗi ta fi jalof ɗin biki sauƙi ga wanda ke kusa da gulbi, a amfanin jiki kuma ta fi sauran ukun, tunda kusan rabin farantin kifi ne da kayan lambu.

Wuta da tukunya suna da nasu hukuncin. Ƙaurin nan na jalof ɗin biki daga itace da babbar tukunya yake zuwa, hayaƙi na lasar gefen murfi, ƙasa na kamawa a hankali. Gwangwani uku a ƙaramar tukunya kan gas ba za su ba ki shi ba, in kika matsa sai dai ki ƙona abinci ya yi ɗaci. Dabarar da ta fi ita ce ki gasa tattasai da albasa da tumatir a kan gawayi har bayansu ya ɗan yi baƙi kafin ki markaɗa. Ga ƙaramin gida, gawayi ya fi komai dacewa da jalof kowace iri: in ta tafasa sai ki kwashe rabin garwashin, sauran ya yi ta turara ta a hankali. Ta Gana da basmati su ne suka fi son gas, saboda ana iya rage wutar nan take. Tukunya kuwa mai kaurin gindi, irin wadda maƙeranmu ke zubawa, ta fi 'yar shafal ɗin kanti nesa ba kusa ba, domin siririyar tana ƙona ƙasa tun sama bai nuna ba.

Lokacin shekara ma yana da baki a zaɓin. Daga hunturu zuwa farkon bazara, kayan lambun rani sun cika kasuwa, tumatir da tattasai da kabeji da karas duk da sauƙi, lokacin jalof ɗin biki da ta Senegal ke nan. Da damina ta kankama ɗanyen tumatir da tattasai sai su yi tsada su yi ruwa. A nan dafa-duka ke cin riba, domin kauɗa da busasshen tattasai da aka jiƙa aka markaɗa suna zama lafiya da manja da daddawa, duhun launinsu ba ya ɓata komai. In dole sai kin yi ta biki da damina, haɗa busasshen tattasai da tumatirin gwangwani, ki bar kauɗar. Tsami kuma da suya ake kashe shi. Kanwar da wasu ke jefawa tana kashe tsamin, amma tana dusar da jan, in ta yi yawa kuma ta bar ɗanɗanonta.

Idan suna ne ko walima, mutum hamsin zuwa sama, abinci zai jira kuma za a raba: sayi buhun kamfani, ki yi jalof ɗin biki a kan itace, kada ki yi gwaji ranar taro. In tukunyar babba ce, ki raba girkin gida biyu maimakon ki cika ta har baki, domin nauyin ta sama yana danne ta ƙasa ta dame. Idan abincin rana ne na yau da gobe, gumi ne a gida, yara na dawowa daga makaranta: dafa-duka, ba tare da jin cewa kin yi ƙasa ba. Idan Juma'a ce ko baƙi 'yan kaɗan da za a zauna da su a tabarma ɗaya, maigida ya samo giwan ruwa ko karfasa mai kyau: ta Senegal nake ba ki shawara. Amaryar da za ta aika wa surukai kwanon farko kuwa, ta tsaya ga shinkafar kamfani da jalof ɗin biki ɗan daidai, ita ce ta fi yafe ƙaramin kuskuren ruwa, kuma za ta isa gidan Inna da kamanninta.

Kowacce kika zaɓa, in buhun sabo ne da ba ki taɓa dafawa ba, ɗebi gwangwani ɗaya tun ana gobe ki dafa shi fari da gwangwani biyu na ruwa, a rufe, a ƙaramar wuta. In ruwan ya ƙare da sauran tauri a tsakiyar ƙwaya, tsohuwa ce mai ƙishi, gobe ki bar ruwan miya ya ɗan haura kanta da kaurin yatsa ɗaya. In ta nuna da sauran ruwa a gindin tukunya, sabuwa ce, ki tsaida ruwan ƙasa da kanta kaɗan, ki ajiye ruwan zafi a buta kusa da ke don yayyafawa in ta nema. In kuma wata ƙwayar ta fashe wata na nan da gari a ciki, wannan buhun na dafa-duka ne, ki nemi wata shinkafar don ranar taro.